Ƙofar Iska

Ranar da abin ya fara, Dijatu tana tsugune a gindin murhu tana tuƙa tuwon dawa. Rana ta faɗa bayan giginyoyin bakin rafin Amba, kaji sun shige akurki, hayaƙin gidaje ya kwanta a kan garin Lafiya. 'Yarta Zuwairatu tana zaune a bakin ɗaki da faifai a cinya, tana tsince ridi. Maigidan, Babandi magini, ya fita masallaci. Ba abin da ya raba yammacin da na jiya.

Sai wani abu ya faɗo tsakar gida, tim.

Dijatu ta ce yaran unguwa ne, ta ci gaba da tuƙi. Na biyu ya faɗo kusa da randa. Na uku ya fasa ƙoƙon da ke kan turmi. Ba ta ji gudun kowa a bayan danga ba, ba ta ji dariya ba. Har tsuntsayen da ke hayaniya a kan ɗorawar maƙwabta sun yi tsit.

Ta ajiye muciya ta ɗauko ɗaya. Ba dutse ba ne. Gutsuren tubali ne na jar ƙasa, ɗanye sharaf, alhali wata huɗu rabon garin da ruwan sama. Ta juya shi a hasken wuta, sai ta ga shatin hannu a jikinsa, yatsu huɗu. Babandi ba shi da ƙaramin yatsa na dama, azara ta datse shi tun yana koyon gini a Zariya. Duk tubalin da ya mulmula, ko cikin dubu, Dijatu za ta gane shi.

"Zuwai, tashi ki shiga ɗaki," in ji ta.

Zuwairatu ba ta motsa ba. Faifan ya zame, ridi ya watse a ƙasa. Ta buɗe baki tana jan numfashi kamar wadda aka danne wa fuska da tsumma, sannan wata 'yar siririyar murya ta fito daga bakinta, muryar da ba ta wuce ta ɗan yaye ba.

"Buɗe. Duhu. Buɗe."

Tubalin nan, Dijatu ta san daga wane gini ya fito, don gini ɗaya ne aka yi da irin ƙasar a duk garin.

A lokacin Turawa ba su daɗe da zama ba. Kuɗin wuri yana mutuwa, sule da anini suna shigowa. Wani Baturen kamfani mai sayen ridi da kaɗanya, wanda mutane ke kira Mai Lofe, ya ce yana son gidan ajiya a bakin kasuwa, wanda wuta ba za ta ci ba, ɓarawo ba zai fasa ba. Shi ne ginin da daga baya aka riƙa ce wa tsohon banki. Babandi aka ba aikin. Ya yi bango mai kaurin kamu uku. Ya ɗaure rufin da bakan gizo huɗu da suka haɗu a tsakiya, ya kafa farar tasa a mahaɗarsu. Ya shafe jikin da makuba har yana ƙyalli, ya ɗora jinka a bisa soron saboda ruwan ƙasar nan ba irin na Zariya ba ne. Baranda ta zagaye shi da ginshiƙai goma sha biyu. Ƙofar ƙarfe kuwa daga Loko aka ɗauko ta, ƙarti takwas suka kawo ta a ka. Ɗakin can ciki ba taga ko ɗaya. Fataken gishiri daga Awe da Keana, da suka saba binne dukiyarsu a tukunya, sai ga su suna zuwa suna shafa bangon suna cewa wannan hannu Allah Ya yi masa albarka.

Amma kafin ginin, wani ƙaton suri ne a wurin, ya fi mutum tsawo, kuma kowa ya san akwai masu shi. Da ƙasar surin aka kwaɓa tubalin. Magina suna da ƙa'ida tun kakanni: in ka yi gini a wurin mutanen ɓoye, sai ka bar musu ɗan rami a gindin bangon gabas, faɗin dunƙulen hannu, su shiga su fita. Ƙofar iska ake ce masa.

Babandi ya bar ramin, daga baya aka toshe. Abin da ya gaya wa Dijatu shi ne, laifin Ya'akubu tafinta ne. Wai shi ya ce ƙofar iska ce, Ya'akubu ya juya wa Bature cewa ta shan iska ce, Bature ya ce kuɗi ba sa numfashi, ya sa leburori suka cike ta ranar da shi Babandi yake kwance da zazzaɓi. Dijatu ta yarda. Saboda maganar nan ta daina gaisawa da Lami matar Ya'akubu, ƙawarta da suke cin tuwo a akushi ɗaya. Shekara guda ke nan, in sun haɗu a rafi sai ta kau da kai.

Kwana shida aka yi ana jifa. Kullum da zarar rana ta yi ja, tubali ya fara saukowa, ɗanye, mai yatsu huɗu. Zuwairatu ta daina ci. Takan rarrafa zuwa gindin bangon ɗakinsu ta yi ta ƙwaƙula da farce har jini ya fito, numfashinta kuma kullum ƙara gajarta yake. 'Ya'ya biyar Dijatu ta haifa, huɗu suna ƙasa. Wannan ce kaɗai ta tsaya, ta kai shekara goma sha uku.

"Malam, a kira Malam Bukar," ta ce wa mijinta.

"Shawara ce ke damunta, Dije. A jiƙa mata saiwa."

"Shawara ce ke jifa da tubalinka?"

Ya tattara gutsattsarin ya kai bayan gida ya binne, kamar yadda yake yi kowace safiya. Rana ta bakwai Dijatu ba ta sake tambayarsa ba, ta yafa mayafi ta je da kanta.

Malam Bukar tsoho ne Babarbare, ɗan siriri, mai zane a fuska, ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar da gafakarsa. Ya sa aka shimfiɗa yarinyar a tabarma a tsakar gida, ya zuba tazargade a kaskon wuta don hayaƙi, ya ce Babandi ya zauna nan inda zai gan shi. Sannan ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar danga ta miƙe ta rufe turmi, ta rufe randa, ta hau ƙafafun Zuwairatu. Da ta kai ƙirjinta sai yarinyar ta tashi zaune, ba ta dafa ƙasa ba. Idanunta a rufe. Muryar da ta fito wannan karon ta babbar mace ce, mai kauri, a gajiye.

"Ya isa, Babarbare. Hayaƙinka ko sauro ba zai kora ba."

"To, alhamdu lillahi, kin yi magana. Wace ce ke?"

"Mai surin da aka rushe."

"Musulma ce ke?"

"Na riga kakanka salla a garin nan. Da suka iso da jakunansu, a inuwata suka sauke kaya."

"In haka ne kin san zalunci haramun ne. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ni ma ɗana bai yi wa kowa komai ba." Kan Zuwairatu ya juya a hankali ya fuskanci Babandi. "Tambayi mai yatsu huɗu."

Babandi ya ce, "Allah gafarta Malam, tafinta ne ya..."

"Kul!" Kaskon hayaƙin ya tsage biyu. "Kada ka sake ɗora wa bawan Allah nan. Ina tsaye a bayanka ranar. Tafinta ya faɗa wa jan mutumin nan gaskiya, ya ce iska biyu ce a bakin Hausawa, akwai mai kaɗa ganye, akwai mu. Jan mutum ya cire lofe daga baki ya yi dariya, ya ce a tambayi magini wacce yake nufi, in ta masu wuri ce a bar musu abinsu, shi bai zo faɗa da kowa ba. Me ka ce?"

Babandi ya sunkuyar da kai.

"Ya ga ana dariya, Malam. Ya ji kunya a ce babban magini daga Zariya yana tsoron suri. Ga kuma maganar za a ba shi ginin Awe. Sai ya ce, ranka ya daɗe, ta kaɗa ganye ce kawai. Ya tsuguna a gabansu ya toshe da hannunsa, yana murmushi. Ɗana yana ciki yana barci, don wurin da sanyi. Shekara guda ina zagaya bangon nan ina jin kukansa. Yanzu kukan ya fara ƙarewa."

Dijatu ta dubi mijinta tana jira ya ce ƙarya ne. Bai ɗago ba.

Malam Bukar ya ce, "An zalunce ki. Amma mai laifi ga shi zaune. Don me kika kama 'yarsa?"

"Shi ya ba ni ita."

"A'uzu billahi. Yaya?"

"Da ya zo neman izini da farin goro da nono, na ce ku 'yan Adam bakinku ba ya riƙe magana, me za ka ajiye mini? Ya ce ina da 'ya ɗaya tak, Zuwairatu. In na toshe naki, ki toshe nawa. Ni ban roƙe shi ba. Shi ya faɗi sunanta."

Wani sauti ya fita daga bakin Dijatu wanda ita ma ba ta san tana da shi ba. Malam Bukar ya ɗaga mata hannu, ya juya ga mai maganar.

"In an buɗe, za ki sake ta?"

"Ko ƙiftawar ido ba zan ƙara ba. Me zan yi da 'yar mutane?"

"Ki ba mu kwana bakwai."

"Ɗana ba shi da kwana bakwai. Juma'a, kafin ladan ya yi kira. In numfashinsa ya tsaya, nata ya tsaya."

"To ki fita yanzu ta samu ta sha ruwa."

"Zan fita don girman abin da ka karanta. Amma hannuna yana wuyanta."

Malam ya miƙa wa Babandi gafaka, shi kuwa ya ɗora hannun nan mai yatsu huɗu a kai, ya rantse zai buɗe kafin Juma'a ko da za a ɗaure shi. Zuwairatu ta yi atishawa sau uku ta faɗi a jikin uwarta. Ranar Talata ce. Ba a yi jifa ba a yammacin.

Da safe Babandi ya ɗauki jakar kayan aikinsa. Ya tsaya a kan Zuwairatu tana barci tana shaƙar iska da ƙyar, ya daɗe yana kallonta.

"Na tafi wurin ginin, Dije."

Ba ta ce a dawo lafiya ba. Ta ce a ranta, ko ba komai zai gyara.

Rana ta take tsaka, bai dawo ba. Sai ta ji sallama a bakin zaure, muryar da ta shekara ba ta ji a gidanta ba. Lami ce, da tulu a ka, ko saukewa ba ta yi ba. Lami 'yar ƙabilar Alago ce, Hausarta ba ta raba mace da namiji.

"Dije, ko ka zage ni sai na faɗa. Mijinka ya bi ayarin masu gishiri. Maigidana ya gan shi da ido a hanyar Awe, har da tabarma a kafaɗa."

"Wurin ginin ya tafi."

"Bai taka wurin ba. Jiya bayan isha ya zo ya tambayi maigidana, in mutum ya fasa bangon gidan ajiya me za a yi masa. Ya ce masa kurkuku ne a Lokoja. Shi ke nan."

Dijatu ta shiga ɗaki ta duba. Tabarmarsa ba ta nan. Rigarsa ta salla ba ta nan. Ta fito ta zauna a kan turmi, ba ta yi kuka ba. Can ta ce, "Lami, na ci amanarki shekara guda a kan ƙarya."

"Bar wannan, za mu yi faɗan daga baya, ina ajiye da shi. Yaya Zuwai, ya sha ruwa?"

"Kaɗan. A roƙi Bature mana, tun da da bakinsa ya ce a bar musu."

"Mai Lofe ya tafi Loko, sai sabon wata. Akawun da ya bari ko kara ba zai yarda a sa a bangon ba. Ga mai gadi da bindiga." Lami ta sauke tulun, sannan ta ce, "Amma barandar tana jiran daɓe kafin ruwa ya sauko. Tun watan jiya akawu yake neman mata."

Suka dubi juna.

Ranar Alhamis da hantsi mata goma sha huɗu suka iso gidan ajiya da madaɓai da tulunan ruwan makuba da kwandunan tsakuwa. Daɓe aikin mata ne, namiji ba ya tsayawa a ciki sai in yana son a sa shi a waƙa. Mai gadin, wani tsohon soja mai gemu, ya gyara tsayuwa a bakin baranda ya ce shi ba inda za shi.

"To tsaya, Baba Soja," in ji Lami. "Dama muna neman wanda za mu auna taurin ƙasa da ƙafarsa."

Aka zuba tsakuwa, aka yayyafa ruwa, aka jeru a durƙushe. Madaɓai suka sauka tare, dum, dum, dum, har jinka tana zubar da ƙura. Wata ta ɗaga murya, sauran suka amsa:

"Mai gemu matsa ka ba mu fili,
gemu zai sha makuba,
matarka ta ce ba ta san ka ba."

Kafin a zagayo baiti na uku Baba Soja ya koma gindin ɗorawa can tsallaken hanya, yana cewa Allah Ya shirye su.

Dijatu ta rarrafa ta bayan matan zuwa bangon gabas. A ƙugunta akwai bakin tsohuwar fartanya da ta cire daga ƙota. Ya'akubu ya ce bayan ginshiƙi na uku ne, taƙi ɗaya daga ƙasa. Ba ta ma sha wahalar nema ba. Duk bangon a bushe yake ƙayau, sai wuri ɗaya mai faɗin tafi da ya yi duhu da danshi. Ta kara kunnenta. Ta cikin dukan madaɓai ta ji shi, ɗan numfashi, irin na Zuwai sak.

Ta yi bismilla ta kafa ƙarfen. In madaɓai suka sauka, ta sara. In suka ɗaga, ta tsaya. Lami ta matso da mata uku suka yi mata katanga da jikinsu. Ƙasar tana fitowa ja, ɗanya, tana manne mata a hannu. Ƙarfen ya gaza kaiwa, ta jefar ta sa yatsu. Hannunta ya shige har gwiwa, ya shige har kafaɗa, kumatunta a manne da bango. Farcenta ya karye. Akawu ya leƙo ta ƙofa ya ce me ya sa aka taru wuri ɗaya, Lami ta ce masa nan ne ƙasar ta fi gardama, ko zai zo ya gwada? Ya koma.

Sai yatsunta suka faɗa fili. Wani abu ƙarami, mai sanyi, ya kama babban yatsanta ya riƙe, yadda jariri ke yi.

Dijatu ba ta fizge ba. Ta ce a hankali, "Fito, ɗan nan. Uwarka tana waje." Ta janyo hannun sannu sannu.

Iska ta biyo hannun. Ta fito da wani dogon huci, ta ɗaga mayafan mata, ta kaɗa tulu ɗaya ya fashe, ta tsallaka hanya ta cire hular Baba Soja, ta yi sama da busassun ganye ta nufi rafi. Waƙa ta tsaya. Lami ce ta fara dawowa hayyacinta, ta debo makuba ta shafe bakin ramin ta gyara shi tsaf kamar magudanar ruwa, ta ce, "Ku kuma me kuke kallo? Ƙasa tana bushewa." Madaɓai suka ci gaba.

Dijatu ba ta tsaya wanke hannu ba. Da ta shiga gida ta tarar da Zuwairatu zaune a gindin murhu, ta buɗe tukunya tana cin ɗumamen jiya da hannu biyu. Ƙirjinta yana hawa yana sauka, cikakke, ba ƙara. Dijatu ta durƙusa ta rungume ta, jar ƙasa ta ɓata musu jiki su biyu, sai a lokacin kukan ya zo.

Da suka natsu ta fara neman abin da za ta ce game da uban. Ta ce, "Babanki ya yi tafiya, aiki ne ya..."

"Inna, bari," in ji Zuwairatu. "Bakina ta ara. Kunnena ba ta ara ba. Na ji duka."

Damina ta zo ta wuce, ba a sake jifa ba. Dijatu ta koma soya ƙuli tare da Lami, suka yi faɗan da aka ajiye, suka gama. Bayan an yanke ridi, wata ranar Laraba da la'asar, aka yi sallama a zaure. Dijatu ta gane muryar mijinta, hannunta ya tsaya a kan dutsen niƙa. Labari ya kai masa ke nan cewa yarinya ta rayu, kuma ba wanda aka kama.

Zuwairatu ce ta tashi. Ta ɗebi ruwa a ƙoƙo ta fita. Babandi yana tsaye da mangul biyu na gishiri da sabon zane a hannu, ya rame, yana ta murmushi.

"Zuwai! 'Yar Baba, kin ga yadda kika yi ƙiba? Zo in gan ki."

Ta durƙusa nesa da shi, ta ajiye ƙoƙon a ƙasa, idonta a kan tabarmar zauren.

"Sannu da zuwa, Malam. An zo lafiya?"

Sannan ta miƙe ta leƙa cikin gida, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Inna, mun yi baƙo. Wa za a ce yana nema?"